Baƙin Tsuntsaye da Masu Ƙidaya Su

1. Shamuwa ta iso

Ƙarshen bazara ne. Zafi ya tsananta, manoma sun gama sassabe, kowa ya zuba ma gabas ido. Wata safiya sai ga wasu tsuntsaye baƙaƙe, cikinsu fari, sun sauka bisa tsamiyar bakin kasuwa. Wani yaro ya sheƙa gida da gudu.

— Kaka, shamuwa ta zo!

— Madalla. A fiddo iri ke nan, ruwa ya kusa.

— Kaka, in an gama girbi, ina ta ke zuwa?

Tsoho ya yi shiru, sannan ya ce:

— Jikana, tun ina kamarka na ke ganin zuwanta da tafiyarta. Amma ban taɓa bin ta ba.

Tambayar yaron nan tsohuwar tambaya ce. Mutane sun daɗe suna yin ta a ƙasashe da yawa. Yanzu an san amsa. Shamuwa tana yin sheƙa a ƙauyukanmu da damina, ta ƙyanƙyashe ƴaƴanta, ta ciyad da su da fara da tsutsa da kwaɗi. Idan ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, sai ta nufi gabas da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. A lokacin ne damina ke sauka a can. Ashe ruwan sama ta ke bi, domin inda ruwa ya ke, nan abincinta ya ke.

Mutum ɗaya bai isa ya gano wannan ba. Aikin mutane dubu-dubu ne, kuma yawancinsu ba a biyansu ko dala. Manoma ne, da malaman makaranta, da ma'aikata, da tsofaffi masu hutu, da ƴan makaranta. Su a ke kira ƴan sa-kai. Aikinsu ya yi kama da gayya: kowa ya kawo hannunsa, gonar kuwa duniya ce baki ɗaya.

2. Tsuntsaye masu ƙaura

A Nijar an ga tsuntsaye iri fiye da 500. Wasu ƴan gida ne, ba su zuwa ko'ina, kamar fakara da zabon daji. Wasu baƙin damina ne, kamar shamuwa: ƙaurarsu ba ta wuce Afirka. Wasu kuma baƙin rani ne. Su waɗannan a Turai da Asiya su ke yin sheƙa, sa'an nan su zo mana daga watan Satumba, su koma wajen Maris ko Afrilu.

Me ke koro su? Yunwa ce. Idan sanyi ya shiga Turai, ruwa yana daskarewa, ganye ya zube, ƙwari su ɓace. Tsuntsun da ke cin ƙwari, in ya zauna, ya mutu. A daidai lokacin nan mu kuma damina ta ƙare ke nan: tabkuna cike, ciyawa ta yi ƴaƴa, fara da ƙwari ko'ina.

Masana sun ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin miliyan dubu 2 ke tasowa daga Turai zuwa kudancin Sahara kowace shekara. Hanyar tana da wuya. Sai sun ƙetare tekun Bahar Rum, sa'an nan hamada, wadda faɗinta ya kai kilomita 1.500 ko fiye, ba ruwa, ba abinci. Kafin su tashi sukan ci su yi kitse, har wasu nauyinsu ya kusa ninkawa. Kitsen nan shi ne guzurinsu. Ƙananan sun fi yin tafiya da dare. Manya kuwa, irin farar shamuwa ta Turai da dangin shaho, da rana su ke tafiya. Suna shimfiɗa fukafukai, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ta ɗaga su sama. Irin wannan iska ba ta tashi bisa teku, shi ya sa su ke neman inda teku ya fi ƙunci su ƙetare.

3. Mashi da zobe

A da, mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba. Wasu suna cewa tsattsewa cikin laka ta ke shiga ta yi barci har zafi ya dawo. Wasu suna cewa rikiɗa su ke yi su zama wani tsuntsu dabam.

A watan Mayu na 1822, a arewacin Jamus, kusa da wani gari mai suna Klütz, aka harbe wata farar shamuwa. Da aka duba, sai aka ga mashi ya huda wuyanta, tsawonsa wajen santimita 80. Ƙirar mashin ta Afirka ce. Wato a Afirka aka jefe ta, ba ta mutu ba, ta yi tafiyar dubban kilomita da mashi a wuya. Gani ya kori ji. An ajiye ta a jami'ar birnin Rostock.

Amma ba kullum a ke samun tsuntsu da mashi ba. Sai wani malamin makaranta na ƙasar Danmark, Hans Mortensen, ya yi dabara. A 1899 ya fara yanka gorar-ruwa ƙanana-ƙanana, yana yin zobba. Ya buga lamba da adireshi bisa kowane zobe, ya sa ma tsuntsu a ƙafa, ya sake shi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun sai ya aiko da labari. Mortensen ba aikinsa ba ne, bayan ya tashi daga aji ya ke yi. Ƙasashe da yawa suka ɗauki dabararsa.

Ba a daɗe ba zobe ya fara ba da labari. A watan Mayu na 1911 wani ɗan sa-kai ya sa ma wata tsattsewa zobe a Ingila. A watan Disamba na 1912 aka same ta a lardin Natal, can Afirka ta Kudu, fiye da kilomita 9.000 daga inda ta taso. Nauyin tsattsewa wajen giram 20 ne.

Ga yadda a ke aikin zobe. Da asuba a kafa raga mai laushi tsakanin sanduna biyu. Tsuntsu ya faɗa ciki, a fid da shi a hankali. A duba irinsa, a auna fiffikensa da nauyinsa, a sa zobe daidai ƙafarsa, a rubuta komi cikin littafi, a sake shi nan da nan. Ba kowa ke yi ba. Sai mutum ya koya wajen gwani, ya samu takardar izini, domin hannun da bai iya ba yana karya fiffike.

A zamanin nan an ƙara da wata ƴar na'ura da a ke goya ma manyan tsuntsaye a baya. Tana aiki da hasken rana, tana aika labarin inda tsuntsu ya ke ta tauraron ɗan'adam ko ta hanyar salula. Duk da haka ba a bar zobe ba, don shi ya fi araha.

4. Amfanin ƙidaya

Sanin hanya bai isa ba. Sai an san ko tsuntsaye suna ƙaruwa ko suna raguwa. Wannan kuwa sai da ƙidaya, shekara bayan shekara, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya.

A da, a Amurka akwai wata al'ada: ranar Kirsimeti maharba su rabu biyu, a ga waɗanda za su fi kashe tsuntsaye. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce maimakon a kashe, a ƙidaya. Mutum 27 suka fita a wurare 25. Daga nan abin ya zama al'adar kowace shekara, masu fita suka kai dubbai goma-goma. A Turai kuma, a 1934, aka yi ƙidayar sheƙunan farar shamuwa a ƙasashe da dama lokaci guda, aka ci gaba da maimaita ta.

Ga wani labari da ya shafe mu kai tsaye. A Ingila, daga 1962, ƴan sa-kai suka riƙa ƙidaya tsuntsayen da ke sheƙa a gonaki da kurmi. Cikinsu akwai wata ƴar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, nauyinta wajen giram 15. Tana da yawa ƙwarai, ba wanda ke damuwa da ita. A 1969 masu ƙidaya suka fita kamar kullum, sai suka tarar wajen kashi 3 cikin 4 ba su dawo ba. Aka duba ko guba ce, ko cuta, ko sanyi. Ba a samu dalili a Ingila ba.

Dalilin yana wajenmu. Tsuntsuwar nan a ƙasashen Sahel ta ke yin rani, cikin ƙayoyi. Daminar 1968 ba ta yi kyau ba. Itatuwa ba su yi ƴaƴa ba, ƙwari suka yi ƙaranci, tsuntsaye ba su samu kitsen ƙetare hamada ba, suka mutu a hanya. Wannan shi ne farkon babban farin da ya kai maƙura a 1973, ya kashe dabbobi, ya tada ƙauyuka. Da fari ya sake aukuwa a 1984, wasu irin tsuntsayen ma suka ragu ƙwarai a Turai. Abin da ya cuci makiyayi a Abalak, shi ya hana wani lambu a Ingila jin kukan tsuntsu. Ba don littattafan ƴan sa-kai ba, da ba wanda zai iya cewa ga yawan abin da aka rasa.

Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa. An fara ta a 1967, aka shigo da Afirka sosai a 1991. Tsakiyar watan Janairu a ke yi, domin a lokacin tsuntsaye sun zauna wuri ɗaya, ba za a ƙidaya garke guda sau biyu ba. A shekarun 1990 an yi ta a tabkuna da yawa na Nijar da kuma bakin kogi. Masu ƙidaya sukan tsaya nesa da madubin hangen nesa. Idan garke ya yi yawa, sai su ƙidaya goma, su riƙe girman goman nan a ido, sa'an nan su riƙa auna sauran goma-goma ko ɗari-ɗari.

5. Malam-buɗe-littafi ma matafiyi ne

Kowa ya san malam-buɗe-littafi. Yana farawa daga ƙwai, ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta ci ganye ta girma, ta rufe kanta cikin ɓawo, daga ɓawon ya fito da fukafukai. Yawancinsu makonni kaɗan su ke yi a duniya. Amma cikinsu akwai masu tafiyar da ta kai ta tsuntsaye.

A Kanada da Amurka akwai wani mai ruwan lemo da baƙin zane, ana ce masa monark, wato basarake. Nauyinsa wajen rabin giram ne. Idan sanyi ya gabato sai ya ɓace. Wani malamin jami'a a birnin Toronto, Fred Urquhart, da matarsa Norah suka ƙudura sai sun gano inda ya ke zuwa. Suka yi wata ƴar takarda mai danƙo, mai lamba, wadda a ke manna ma fiffike. A 1952 suka nemi taimakon jama'a. Da farko mutane kaɗan suka amsa, daga baya suka kai dubbai. Duk inda aka tsinci mai lamba, sai su sa alama bisa taswira. Alamun suka riƙa gangarawa kudu, har iyakar ƙasar Meksiko.

A watan Janairu na 1975 wasu ƴan sa-kai biyu, Ken Brugger da Catalina Aguado, suka hau wani dutse a jihar Michoacán, tsawonsa wajen mita 3.000. Suka tarar da su miliyan bisa miliyan, sun lulluɓe itatuwa har rassa suna sunkuyawa. Mutanen ƙauyukan wurin sun san da su tun kaka da kakanni, sai dai ba su san daga ina su ke zuwa ba. Mutanen arewa kuma sun san tashinsu, ba su san masauƙinsu ba. Ranar nan aka haɗa sani biyu. Shekara ta zagayo, Urquhart ya je da kansa, ya tsinci ɗaya mai lamba. Wasu ƴan makaranta biyu ne da malaminsu suka manna ta a jihar Minnesota, nisan wajen kilomita 3.000. A 1986 gwamnatin Meksiko ta kafa dokar kare dazuzzukan, a 2008 kuma UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya.

Monark yana da ɗan'uwa a nan ƙasarmu. Shi ne mai ruwan lemon nan, mai baƙi da fari a bakin fiffike, wanda ke yawo wajen tumfafiya. Tsutsarsa ganyen tumfafiya ta ke ci, dafin nonon ya zauna a jikinta. Don haka tsuntsaye ba su son cin sa.

Akwai kuma wani da ke haɗa mu da Turai. Faransawa suna kiransa da sunan da ke nufin kyakkyawar mace. Faɗin fukafukansa santimita 5 zuwa 6 ne, ruwan ƙasa-ƙasa da ja, da ɗigon baƙi da fari. A 2009 ya shiga Turai da yawan gaske. Mutane dubbai suka riƙa rubuta rana da wurin da suka gan shi, har aka tara shaida wajen 60.000. Da aka haɗa da abin da na'urar hangen sama ta nuna, sai aka gane ba mutuwa ya ke yi a can ba idan sanyi ya zo, kamar yadda a ke zato. Juyowa ya ke yi kudu, yana tafiya can sama, wajen mita 500, inda ido ba ya kaiwa.

A ƙarshen daminar 2014 masu bincike daga ƙasar Sipaniya suka bi sawunsa a Senegal da Benin da Cadi da Habasha. Suka same shi da yawa, yana zuba ƙwai. Wato ya ƙetare teku da hamada, tafiyar da ta kan kai kilomita 4.000. Zagayen duka, zuwa da dawowa, yana kai kilomita 14.000. Ba guda ɗaya ke gama shi ba. Uwa ta yi wani yanki ta zuba ƙwai ta mutu, ƴaƴa su ɗora, jikoki su ɗora, har zuriya wajen shida. An kuma lura shekarar da tsirrai suka yi kyau a kudancin Sahara, ya fi yawa a Turai daga baya.

Shi ma ana ƙidaya shi. A Ingila, daga 1976, ƴan sa-kai suna bin hanya guda sau ɗaya a mako, daga Afrilu zuwa Satumba, ranar da akwai rana, ba iska mai ƙarfi. Suna rubuta duk wanda ya gitta mita 5 a gabansu, da mita 2 da rabi dama da hagu. Halittar nan ba ta jure guba ko canjin yanayi. Idan ta ragu a wuri, alama ce ƙasar wurin tana da damuwa.

6. Daga sani zuwa kariya

Mene ne amfanin duk wannan wahala? Ga misali uku.

Na farko. Akwai wani dangin shaho, namijin ruwan toka, mai dogayen fukafukai, yana tashi ƙasa-ƙasa bisa saura. Daga Oktoba zuwa Maris yana Sahel, har da Nijar, kuma mafi yawan abincinsa fara ce. Abokin manomi ne ke nan. A Faransa da Holan a ƙasa ya ke yin sheƙa, cikin gonakin alkama. Injin girbi yana zuwa kafin ƴaƴan su iya tashi, ya niƙe su. Sai ƴan sa-kai suka riƙa neman sheƙunan. In sun samu, su roƙi mai gona ya bar ɗan fili, su kewaye shi da raga har ƴaƴan su tashi. Ta haka aka ceci dubbai. Wanda ke cin fara a gonar Tanut, wataƙila wani ne ya yi masa shinge a Faransa.

Na biyu. A 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu. Ɗaya daga cikin ma'aunanta shi ne: wurin da tsuntsayen ruwa 20.000 ke taruwa a kai a kai, wuri ne mai muhimmanci ga duniya. To, wa zai ce sun kai 20.000 in ba a ƙidaya ba? Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987, da gandun dajin W. A 2005 aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jihar Tawa, da na Lasuri a jihar Damagaram. Daga baya aka ƙara Madarunfa da Gidimuni. Tabkin da ya raya tsuntsu, shi ke raya masunci da makiyayi da mai noman rani.

Na uku. Masu bincike sun ƙidaya tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel. Suka ga ƙananan baƙin nan ba kowane itace su ke so ba. Sun fi zama cikin masu ƙaya, irin su gawo da kandili da aduwa, domin nan ƙwari suka fi yawa. Gawo kuwa da rani ya ke yin ganye, daidai lokacin da baƙin ke nan. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma sassaben zamani: su bar toho a gona, su gyara shi ya zama itace. An ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Don taki da itacen wuta da harawa suka yi. Amma tsuntsayen nahiya biyu sun samu masauki.

Haɗarin bai ƙare ba. Ana sare itatuwa, rairayi yana cike tabkuna, maganin ƙwari yana kashe abincin tsuntsu, ana kama su da raga a hanyoyinsu. Matafiyi yana bukatar gida uku: inda zai haihu, inda zai yada zango, da inda zai yi rani. In ɗaya ya lalace, sauran biyun ba su cece shi. Saboda haka aka yi wata yarjejeniya a birnin Bonn na Jamus a 1979, don kare dabbobi masu ƙaura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Abin da ƴan makaranta za su iya yi

Aikin sa-kai ba ya bukatar kuɗi. Kaye da bik da ido sun isa. Sharuɗɗansa huɗu ne:

a) A rubuta rana da wuri da lokaci.
b) A rubuta abin da aka gani kawai. In an ga 7, kada a ce 10.
c) Ranar da ba a ga komi ba, a rubuta sifiri. Shi ma labari ne.
d) A maimaita a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, kowace shekara.

Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe, ya kwafe lambar da rubutun duka, ya rubuta rana da sunan ƙauye, ya kai ma malaminsa ko ma'aikacin gandun daji, ya wanke hannu da sabulu. In an ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, kada a taɓa su, a sanad da hukuma. Kada a kashe tsuntsu don zobe. Zoben ba azurfa ba ne, na'urar da ke bayansa kuma ba ta leƙen asiri ba ce.

Yaron nan da ya tambayi kakansa, tun daga shekarar ya samu kaye. A shafin farko ya rubuta ranar da shamuwa ta iso, da yawan sheƙunan da ke bisa tsamiya. Ya bar sauran shafuna don shekaru masu zuwa.

Ma'anar kalmomi

Ƙaura: tashi daga wuri zuwa wani wuri don zama.
Ɗan sa-kai: mai yin aiki don ra'in kansa, ba da biya ba.
Ƙiyasi: faɗin yawan abu bisa lissafi, ba a ƙidaya ɗaya-ɗaya ba.
Zuriya: ƴaƴa da jikoki da waɗanda ke biye da su.
Yarjejeniya: alkawarin da ƙasashe suka rubuta suka sa ma hannu.

Tambayoyi

1. Ina shamuwa ke zuwa bayan damina? Don me?
2. Mene ne bambancin baƙin damina da baƙin rani?
3. Me shamuwar 1822 ta koya ma mutanen Turai?
4. Wane aiki Hans Mortensen ke yi, kuma wace dabara ya ƙago?
5. Me ya haɗa daminar 1968 a Sahel da tsuntsayen Ingila?
6. Don me a ke ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu?
7. Ta yaya gawo ke amfanin manomi da tsuntsu gaba ɗaya?

Lissafi

1. A ce a wani ƙauye an ƙidaya sheƙar shamuwa 24, kowace da ƴaƴa 3. Ƴaƴa nawa ke nan?
2. A ce tsuntsaye 400 suka tashi, kashi 3 cikin 4 ba su dawo ba. Nawa suka dawo?
3. A ce tsattsewa tana yin kilomita 300 a rana. Kwana nawa za ta yi kafin ta cika kilomita 9.000?

Aiki

1. Ku rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki unguwa ɗaya. Ku ƙidaya sheƙunan shamuwa, ku rubuta irin itacen da kowace ta ke kai. Ku zana taswirar gari ku sa alamarsu.
2. Ku tambayi tsofaffi sunayen tsuntsayen da a ke gani da, waɗanda yanzu suka yi wuya. Ku rubuta sunayen da Hausa, malam ya taimake ku neman na Faransanci.
3. Ku duba ganyen tumfafiya ku nemo tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya. Kada ku tsinki ganyen, nononsa yana cutar ido. Ku riƙa zuwa kullum kuna zana abin da kuka gani, har malam-buɗe-littafi ya fito.